Tambayoyi da Amsoshi Game da Zaɓen Bishiyar Momiji ta Japan Da Za Ta Dace da Lambunka

Mece ce wannan bishiya, kuma daga ina ta fito?

Bishiyar da masana tsirrai ke kira Acer palmatum, Japanawa kuma suke ce mata momiji ko kaede, asalinta dazuzzukan kan tudu ne na Japan da Koriya da wasu sassan China, inda take girma a ƙarƙashin manyan itatuwa ta kai tsawon mita 6 zuwa 10. Ganyenta ya yi kama da tafin hannu da aka buɗe, da yatsu biyar ko bakwai ko tara, kuma sunan kaede kansa ya samo asali ne daga kalmar da ke nufin hannun kwaɗo. Wani likita masanin tsirrai ɗan ƙasar Suwidin, Carl Peter Thunberg, wanda ya zauna a Japan daga 1775 zuwa 1776, shi ya raɗa mata sunan kimiyya a 1784, sannan aka kai ta Ingila a 1820. Masu lambu a Japan sun shafe ɗaruruwan shekaru suna zaɓar nau'o'inta, har ta kai yanzu ana da fiye da dubu ɗaya masu suna. Akwai kuma 'yan uwanta biyu da ake sayarwa tare da ita, Acer japonicum da Acer shirasawanum, waɗanda ganyensu ya fi faɗi da zagaye.

Wannan asali nata na bishiyar ƙarƙashin daji shi ne mabuɗin duk sauran amsoshin da ke wannan shafi. Ta saba da hasken da ya ratso ta tsakanin ganyen wasu itatuwa, da ƙasa mai laushi da ruɓaɓɓen ganye ya rufe, da iska mai danshi wadda ba ta kaɗawa da ƙarfi.

Me ya kamata in fara dubawa kafin in zaɓi nau'i?

Lambun ya kamata a fara dubawa, kafin a buɗe kundin hotuna. Mafi yawan waɗanda suka yi asarar kuɗinsu sun ga hoton bishiya ja jawur a harabar wani wurin ibada na Kyoto a tsakiyar Nuwamba, suka kamu da sonta, suka saya, sai daga baya suka shiga neman inda za su dasa ta. Abin da ya fi shi ne mutum ya ware rana guda cikin watan Yuni ko Yuli, ya fita wurin da yake son dashen da ƙarfe 9 na safe, da ƙarfe 1 na rana, da kuma ƙarfe 4 na yamma, ya lura da inda rana take bugawa a kowane lokaci. Bayan haka ya lura da inda iska take bi, musamman lungun da ke tsakanin gida da katanga, domin irin wannan lungu yakan tattara iska ya hura ta kamar mazurari. Sai kuma ya haƙa rami mai zurfin santimita 30, ya cika shi da ruwa, ya dawo washegari da safe. Idan ruwan yana nan kwance, wannan wuri ba na momiji ba ne sai an yi masa aiki. Abu na ƙarshe shi ne faɗin fili, wanda za a auna da igiyar awo, domin ido yakan yaudari mai shi idan yana kallon ɗan tsiro mai tsawon kamu uku a cikin tukunya.

Za ta iya rayuwa a ƙasashe masu zafi, kamar arewacin Najeriya ko Nijar?

Gaskiyar magana ita ce ba za ta yi ba. Momiji bishiya ce da dole ta zubar da ganyenta ta yi barcin hunturu na makonni masu yawa cikin sanyin da ke kusa da daskarar da ruwa, kuma wannan barci ne yake ba ta ƙarfin sake toho. Sanyin hunturun Kano ko Maraɗi, duk da yadda yake sa mutane jin wuta da asuba, bai kai abin da take bukata ba, ga kuma busasshiyar iskar da ke tsotse ruwan ganye, ga zafin watan Afrilu da ke haura digiri 40. Wanda ya sayi irinta ta intanet zai iya ganin ta tsiro, ta yi 'yan ganye na wata biyu ko uku, sannan ta fara ja da baya har ta mutu. Saboda haka wannan shafi zai fi amfanar masu zama a Birtaniya, Jamus, Faransa, Amurka, kudancin Kanada da makamantansu, ko kuma yankuna masu sanyi na kudancin Ostireliya da New Zealand, sai dai watannin da aka ambata a wannan shafi na ƙasashen arewacin duniya ne.

A nan ya dace a yi gargaɗi kan masu tallar irin momiji shuɗiya da ake gani a kasuwannin intanet. Babu momiji mai shuɗin ganye. Hotunan rina su aka yi da kwamfuta.

Wane irin sanyi take iya jurewa?

A ma'aunin Ma'aikatar Noma ta Amurka, wanda ya raba yankuna shiyya-shiyya bisa tsananin sanyin hunturunsu, mafi yawan nau'o'in suna rayuwa daga shiyya ta 5 zuwa ta 8, wato suna jure sanyin da ya kai kusan digiri 29 ƙasa da sifiri a ma'aunin Celsius idan saiwarsu tana cikin ƙasa. Wanda ke zaune a inda sanyi ya wuce haka, kamar jihar Minnesota, gara ya nemi 'yar uwarta ta Koriya, Acer pseudosieboldianum, wadda ta fi ta taurin rai kuma take yin launi mai kyau da kaka.

Sai dai sanyin tsakiyar hunturu ba shi ne ya fi yi mata illa ba, domin a lokacin tana barci. Wanda ake tsoro shi ne sanyin ƙanƙara da ke dawowa dare ɗaya cikin Afrilu bayan sabon ganye ya buɗe. Mai wannan rubutu ya taɓa dasa nau'in 'Katsura' a kusurwar gabas ta lambu, saboda sha'awar ganyenta mai launin lemo da ke fitowa kafin na kowa. Daren da sanyin ya sauka, da safe ganyen sun yi laushi sun rataye kamar an zuba musu tafasasshen ruwa, kafin azahar sun koma baƙi. Bishiyar ba ta mutu ba, ta sake toho bayan makonni, amma kyan wannan shekara ya tafi. Idan unguwarka tana cikin kwari inda sanyi yake kwanciya, nau'in da ke jinkirin toho irin su 'Emperor I' ya fi aminci, kuma yana da kyau a ajiye wani yadi mara nauyi da za a lulluɓe bishiyar da shi a daren da aka yi hasashen sanyi.

Lambuna yana shan rana sosai. Wane nau'i ne zai jure?

Amsar ta danganta da ƙasar da ake ciki, domin ranar Manchester daban take da ranar Texas. A arewacin Ingila da Sikotilan, inda gajimare ya yawaita, yawancin nau'o'in suna iya tsayawa a fili muddin ƙasa ba ta bushe ba. A kudancin Amurka kuwa, ko nau'in da ya fi kowane juriya yana bukatar inuwa daga azahar zuwa la'asar, don haka gefen gabas na gida, inda ranar hantsi kaɗai ke isa, shi ne wurin da ya fi dacewa.

A dunƙule, masu faffaɗan ganye sun fi masu siraran ganye jure rana. 'Bloodgood', wadda ta samo sunanta daga wani tsohon gidan renon itatuwa a New York, tana riƙe launinta na ja mai duhu har ƙarshen lokacin zafi, kuma shi ya sa ta zama gama-gari. 'Osakazuki' koriya ce duk tsawon lokacin zafi, ba ta da wani abin jan hankali, amma idan kaka ta shigo takan rikiɗe ta yi ja kamar garwashi, kuma a ganina babu wadda ta kai ta a wannan fage. Cikin masu siraran ganye, 'Tamukeyama' da 'Seiryu' su ne aka fi sani da haƙuri da zafi.

Akwai wani abu da masu saye ba su cika sani ba, shi ne cewa nau'o'i masu jan ganye suna bukatar rana kafin su yi ja. Sinadarin da ke ba ganyen wannan launi yana ƙaruwa ne da haske, don haka idan aka dasa 'Bloodgood' a inuwa mai duhu sai ta koma kore mai ratsin ruwan ƙasa, mai ita ya yi zaton an sayar masa da jabu. Awa huɗu zuwa shida na ranar safe sukan wadatar.

Idan kuma lambun inuwa ce ta fi yawa fa?

Wannan dama ce ta dasa nau'o'in da ba sa jure rana ko kaɗan. Acer shirasawanum 'Aureum' tana da ganye ruwan ɗorawa mai haske wanda a cikin inuwa yake zama kamar an kunna fitila, amma idan ranar azahar ta same shi sai gefensa ya ƙone cikin kwanaki. 'Butterfly', mai ƙananan ganye kore da fari a gefe, da 'Orange Dream', su ma inuwa mai haske suke so. Abin lura shi ne inuwar ƙarƙashin babbar bishiya takan zo da bushewar ƙasa, domin saiwar babbar ita ke shanye ruwan, don haka sai an dage da ban ruwa.

Me ya sa gefen ganyen bishiyata yake bushewa yana murɗewa?

Wannan ita ce tambayar da aka fi yi, kuma sau da yawa ba cuta ba ce. Ganyen momiji siriri ne ƙwarai, yana fitar da ruwa da sauri, kuma duk lokacin da ruwan da ke fita ya fi wanda saiwa ke aikowa, bakin yatsun ganyen ne ke fara bushewa. Iska, rana mai zafi, ƙasa busasshiya, da yawan takin zamani duk suna jawo haka. Abin mamaki, yawan ruwa ma yana jawo shi, domin saiwar da ta ruɓe a cikin taɓo ba ta iya shan ruwa, sai ganyen ya nuna alamar ƙishi, mai lambu ya ƙara zuba ruwa, ya ƙarasa ta da hannunsa. Kafin a ɗauki bokiti, a tura yatsa cikin ƙasa zuwa gaɓa ta biyu. Idan da danshi, a bari.

Iska ita ce aka fi raina wa illa. Nau'o'i masu ganye kamar zare, irin su 'Garnet' da 'Crimson Queen' da 'Viridis', ba sa yin kyau a bakin teku ko a kan barandar bene mai tsawo, komai yawan ruwan da ake ba su. Shinge na shuke-shuke ko na katako mai ramuka ya fi katangar bulo amfani a nan, saboda yana rage ƙarfin iskar, alhali katanga tana sa ta tsallako ta yi juyi a bayanta.

Wace irin ƙasa take so?

Tana son ƙasa mai ɗan tsami, wadda ma'aunin tsaminta, wato pH, yake tsakanin 5.5 da 6.5, mai riƙe danshi amma ba ta tara ruwa. Ana samun kayan gwajin ƙasa masu araha a shagunan kayan lambu. A kudu maso gabashin Ingila, inda alli yake a ƙarƙashin ƙasa, da wasu sassan Texas, ganyen yakan yi fari-fari ruwan ɗorawa yayin da jijiyoyinsa suke kore, alamar cewa bishiyar ta kasa jan sinadarin ƙarfe daga ƙasa. Idan allin ya yi yawa, dasawa a tukunya ya fi sauƙi a kan yaƙi da ƙasar lambun duk shekara.

Ƙasar yumɓu, irin ta yawancin unguwannin Landan, tana yiwuwa idan aka tayar da ɗan tudu mai tsawon santimita 20 zuwa 30 aka dasa a kansa. Kuskuren da ake yawan yi shi ne a haƙa rami mai zurfi a cikin yumɓu a cika shi da ƙasa mai laushi. Wannan ramin yakan zama kwatarniya, ruwan damina ya taru a ciki ya kashe saiwar.

Filina ƙarami ne. Yaya girman kowane nau'i yake?

Nau'o'in sun kasu gida biyu ta fuskar siffa. Masu miƙewa sama, irin su 'Bloodgood' da 'Osakazuki' da 'Sango-kaku', suna kai mita 4 zuwa 6 idan suka manyanta, da faɗi kusan haka. Masu siraran ganye yawanci rassansu sunkuyowa suke yi kamar lema, ba su cika wuce mita 2 ko 3 a tsawo ba, amma faɗinsu yakan fi tsawonsu, wanda shi ne abin da mutane ke mantawa har su dasa su daf da hanya, bayan shekara goma su rasa wurin wucewa. 'Seiryu' ce fitacciya a cikin masu siraran ganye da ke miƙewa sama. Ga mai ɗan fili, 'Shaina' da 'Mikawa yatsubusa' gajeru ne masu cunkoson ganye, 'Shishigashira' kuma, wadda sunanta ke nufin kan zaki saboda murɗaɗɗen ganyenta, tana girma a hankali ƙwarai.

Girman da ake rubutawa a jikin takardar shago yawanci na shekara goma ne. Bishiyar ba ta tsayawa a nan.

'Sango-kaku' ta cancanci ƙarin bayani, domin ita ce ke ba lambu launi a lokacin da komai ya zube: ƙananan rassanta ja ne kamar murjani, kuma sanyin hunturu yana ƙara musu haske. Sai dai launin yana kan sababbin rassa ne, tsofaffin sukan koma ruwan toka, kuma a wuri mai yawan danshi da sanyi bakin rassan yakan yi baƙi ya mutu.

Zan iya rainonta a tukunya?

Ƙwarai kuwa, kuma ga mai haya ko mai ƙasa mara kyau wannan ce hanya mafi dacewa. A zaɓi tukunyar da ta fi wadda aka sayo ta ciki girma kaɗan, mai ramuka a gindi, a ɗora ta a kan tubali ko ƙafafu domin ruwa ya tsane. Babbar tukunya ga ƙaramar bishiya tana riƙe ruwan da saiwar ba ta iya shanyewa. A Birtaniya ana amfani da haɗin ƙasa na John Innes mai lamba 2, a gauraya da ɓawon itace da aka daddatsa. Duk shekara biyu ko uku sai a fitar da ita, a rage bakin saiwar, a sabunta ƙasar. Inda ruwan famfo yake da alli, ruwan sama da aka tara ya fi.

Saiwar da ke cikin tukunya ba ta da kariyar da ƙasa ke bayarwa, don haka sanyin da bishiyar lambu za ta jure yana iya kashe ta tukunya. Da hunturu a matsar da ita jikin bango, a naɗe tukunyar da buhu. Kada a shigar da ita ɗaki mai ɗumi don tausayi, domin hakan yana katse mata barcin da take bukata.

Me zan duba a jikin bishiyar a wurin saye?

Kusan duk momiji mai suna ta aure ce, kamar yadda ake aurar da mangwaro: an ɗauki reshen nau'in da ake so an haɗa shi da gindin momiji gama-gari. Wannan aiki da shekarun reno su ne dalilin tsadarta. A duba mahaɗar auren, ta kasance ta warke sumul babu tsagewa ko baƙin tabo. A ɗaga tukunyar a leƙa ƙasanta. Idan saiwa ta fito ta nannaɗe kamar gammo, bishiyar ta daɗe a matse. Wadda aka rubuta mata 'Atropurpureum' kawai da araha sau da yawa daga iri aka tsirar da ita, don haka launinta sa'a ce. Iri ba ya maimaita uwarsa, kuma wanda ya shuka irin 'Bloodgood' zai sami momiji, amma ba lalle ta yi kama da ita ba.

Idan daga baya aka ga wani reshe mai koren ganye daban ya fito daga ƙasan mahaɗar, a cire shi nan take, domin na gindin ne, kuma ya fi na saman ƙarfi. Idan aka bar shi zai mamaye bishiyar. Wanda yake son ganin nau'o'in a girmansu na gaskiya kafin ya saya, gandun itatuwa na Westonbirt da ke Gloucestershire yana da tarinsu mai yawa, kuma ƙarshen Oktoba ne lokacin da suka fi kyau.

Wace cuta ce ya kamata in yi la'akari da ita tun wajen zaɓen wuri?

Cutar da aka fi tsoro ita ce ta Verticillium, wani naman gwari da ke zaune a ƙasa shekaru masu yawa, ya shiga ta saiwa ya toshe hanyoyin ruwan bishiyar. Alamarta ita ce reshe ɗaya ko ɓangare ɗaya ya yanƙwane farat ɗaya a tsakiyar lokacin zafi, kuma idan aka yanka reshen a ga ratsi mai duhu a cikin itacen. Ba ta da magani. Tana kama tumatir da dankalin Turawa da gauta, saboda haka kada a dasa momiji a inda aka daɗe ana noma waɗannan, ko a ramin da wata momiji ta mutu a cikinsa. Darɓa da ke taruwa a kan sabon toho ba ta da wani haɗari sosai, feshin ruwa yakan kore ta.

Yaushe ake dasawa, kuma yaushe ake datse rassa?

Ana dasawa da kaka, wajen Oktoba, lokacin da ƙasa take da sauran ɗumi, ko kuma a farkon Maris kafin toho idan hunturun yankin mai tsanani ne. Ramin ya ninka tukunyar sau biyu a faɗi, amma kada ya fi ta zurfi, kuma inda gindi ya fara buɗewa zuwa saiwa ya kasance daidai da saman ƙasa. A shimfiɗa ɓawon itace ko ruɓaɓɓen ganye mai kaurin santimita 5 zuwa 7 a kewaye, ba tare da ya taɓa gindin ba, a riƙa ban ruwa a kai a kai cikin shekara biyun farko. Taki kaɗan ya isa. Yawansa yana fitar da dogayen rassa marasa ƙwari kuma yana rage launin kaka.

Datsa kuwa, idan an zaɓi nau'in da ya dace da faɗin wurin, ba a cika bukatarta ba sai don cire matattun rassa da waɗanda ke gugar juna. Ana yin ta ne tsakanin Nuwamba da Janairu, lokacin da bishiyar take barci, domin idan aka jinkirta zuwa ƙarshen Fabrairu ko Maris, ruwan jikinta ya riga ya fara hawa, kuma wurin yankan zai yi ta tsiyaya na kwanaki.